Ɗan Takara da Takardunsa: Treichville, 1 ga Agusta 1999

Ranar Lahadi 1 ga Agusta 1999, jam'iyyar RDR ta yi babban taronta na musamman a zauren wasanni na Treichville, wanda mutanen Abijan ke kira Palais des Sports. A nan ta naɗa Alassane Dramane Ouattara shugabanta, ta kuma tsayar da shi ɗan takarar shugaban ƙasar Kodebuwa a zaɓen da aka shirya yi cikin Oktoban 2000. Kwana ɗaya ke nan da ƙarewar aikinsa a Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Washinton, inda ya shekara biyar yana mataimakin babban darakta. Wanda ya dawo gida da irin wannan suna, kowa zai zaci abin da za a tuna daga jawabinsa na karɓar tuta shi ne farashin koko da bashin ƙasa da albashin ma'aikata. Amma je ka Adjamé ka tambayi dattijon da ya bi labarin a lokacin, zai ce maka takardu. Ouattara ya tsaya gaban magoya bayansa ya ce ya cancanci tsayawa takara, ya kafa hujja da takardun da ya ce suna nuna shi da mahaifinsa da mahaifiyarsa duk haifaffun Kodebuwa ne.

Wannan jawabi da dabarar neman ƙuri'ar da aka gina a kansa su nake so mu auna. Ina firamare aka yi shi, amma cikin sakamakonsa na girma, haka ma duk ɗan Hausawan da aka haifa tsakanin Adjamé da Treichville a shekarun nan. Aikin rediyo ya koya mini cewa duk wanda ya tsaya gaban makirufo akwai mutum ɗaya a zuciyarsa da yake yi wa magana, ko da zauren ya cika maƙil. In kana son gane jawabi, nemo wannan mutumin, sa'annan ka duba wane ne ke tsaye a bakin ƙofa yana saurare ba a ambace shi ba.

Sai mun ɗan koma baya, don wurin da aka yi taron ma magana ce. A Treichville aka haifi siyasar zamani ta Kodebuwa. Ranar 9 ga Afrilu 1946, a zauren Étoile du Sud, Félix Houphouët-Boigny da abokansa suka kafa jam'iyyar PDCI, wadda bayan wata shida ta zama ginshiƙin RDA a taron Bamako. Mutanen Nijar sun san RDA, domin PPN ta su Diori Hamani da Boubou Hama reshenta ce. A Treichville aka yi babban taron RDA na Janairun 1949, a nan kuma aka yi hargitsin 6 ga Fabrairu na shekarar, wanda ya sa Faransawa suka kulle shugabannin PDCI a kurkukun Grand-Bassam, har mata suka yi tattaki zuwa can cikin Disamba. Unguwar tun asali ta ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar jirgin ruwa ce, da 'yan kasuwa daga ko'ina: Senegal, Mali, Gini, Dahomey, ƙasar Yarabawa, ƙasar Hausa. Da waɗannan mutane Houphouët ya yi gwagwarmayarsa, kuma bai manta ba.

Da ya hau mulki a 1960 sai ya buɗe ƙofa. Ya ce ƙasa ta wanda ya noma ta ce. A ƙarshen 1965 har ya kawo shawarar a ba 'yan ƙasashen Conseil de l'Entente, wato Nijar da Dahomey da Haute-Volta, damar zama 'yan ƙasa biyu, amma mutanensa suka ƙi, ya janye a farkon 1966. Abin da bai janye ba shi ne ƙuri'a: baƙi 'yan Afirka ta Yamma suna jefa ƙuri'a a zaɓen Kodebuwa har zuwa 1990. Iyayenmu masu tsire da masu tireda da dillalan albasar Galmi sun yi layi sun zaɓi Tsoho. A zaɓen 28 ga Oktoba 1990, na farko da aka yi da jam'iyyu da yawa, Houphouët ya sami kusan kashi 82 cikin ɗari, Laurent Gbagbo ya sami 18, kuma 'yan adawa suka riƙa kiran baƙin nan dabbobin zaɓe. Daga ranar, ƙuri'ar baƙo ta zama abin gori.

Kada wani ya ɗauka Bahaushe jiya ya zo ƙasar nan. Lokacin da Bafaranshen nan Binger ya shiga Kong a 1888, garin da zuriyar Ouattara ke sarauta, ya tarar da unguwar Hausawa marina da rijiyoyin babansu. Yau ma in ɗan Abijan ya ce zai je wajen aboki, rumfar shayi da kofi yake nufi, kuma abincin da ya fi kowane farin jini a wurin ɗalibai da leburori, acake da soyayyen kifin tuna, sunansa garba. Mun shiga bakin mutanen garin, mun shiga cikinsu. Rajistarsu ce ba mu shiga ba.

A watan Nuwamban 1990 Houphouët ya naɗa Ouattara firaminista, ya ɗauko shi daga kujerar gwamnan babban bankin BCEAO a Dakar don ya gyara baitulmalin da ya bushe. Cikin hanyoyin tara kuɗin da gwamnatinsa ta fara aiki da su a 1991 akwai katin zama na baƙi, wanda kowa ya sani da sunan kart-sejur. A takarda haraji ne kawai. A kan titi kuwa ya zama lasisin tsayar da mutum. Mai kaki da ke shingen hanya ba ya ganin ƙasarka a goshinka, abin da yake gani shi ne doguwar riga, hula, tabon salla, da suna irin su Kone ko Traore ko Abdu. Saboda haka Bajule ɗan Korhogo ko Odienné, wanda kakanninsa ba su taɓa barin ƙasar ba, shi ma aka fara sauke shi daga mota ana cewa ya kawo katin baƙi, wani lokaci a karɓe katinsa na ɗan ƙasa a ce na jabu ne. Mahaifina ya sha dawowa daga kasuwa da cinikin yini ya ragu, ba don katinsa ya mutu ba, don dai an riƙe katin a hannu sai ya fanshe shi.

Houphouët ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993. Henri Konan Bédié, shugaban majalisa, ya gaje shi kamar yadda tsarin mulki ya tanada, Ouattara ya sauka ya koma Washinton. A Satumban 1994 Djéni Kobina ya ɓalle daga PDCI ya kafa RDR, kowa kuma ya san wa ake share wa fage. Kafin shekarar ta ƙare aka yi sabuwar dokar zaɓe: baƙi sun daina jefa ƙuri'a, kuma mai neman shugabancin ƙasa dole uwarsa da ubansa su kasance 'yan Kodebuwa tun haihuwa. A kan wannan Bédié ya ɗora aƙidar da ya kira ivoirité, wato kodebuwanci, wadda masana na kusa da shi suka yi ta yi wa sharhi har ta koma awon wane ne ɗan ƙasa na asali, wane ne na aro. Ouattara bai tsaya a 1995 ba. RDR da FPI ta Gbagbo suka ƙaurace wa zaɓen, Bédié ya lashe da kusan kashi 96. Shi kansa Djéni Kobina da ya nemi kujerar ɗan majalisa a Adjamé a shekarar, sai aka ce masa bai tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ba ne, wai asalinsa Gana. Ya rasu a Oktoban 1998 bai ga taron Treichville ba.

To ga halin da ɗan takara ya tarar a 1999. Ƙidayar 1998 ta ce kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, fiye da rabinsu 'yan Burkina Faso, da yawa kuma a nan aka haife su. Dokar filaye ta Disamban 1998 ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke iya mallakar gona. Farashin koko ya faɗi. Asusun Lamuni ya dakatar da tallafi. Tarayyar Turai ta gano an karkatar da kusan biliyan 18 na sefa daga kuɗin da ta bayar don kiwon lafiya. Ga mai neman kayar da gwamnati, wannan gona ce da aka riga aka share, shuka kawai take jira, kuma babu wanda ya fi tsohon gwamnan banki sanin irin da zai zuba. Amma Bédié ya riga ya zaɓi filin da za a yi kokawar. A littafinsa Les Chemins de ma vie da ya fito a shekarar, ya rubuta cewa Ouattara ɗan Burkina ne ta wajen uba. Masu wannan zargi suna da abin riƙewa: an haife shi a Dimbokro ranar 1 ga Janairu 1942, amma ya yi makaranta a Haute-Volta inda mahaifinsa ya yi sarauta a Sindou, da takardun can ya tafi karatu Amurka, kuma a gurbin Haute-Volta ya zama mataimakin gwamnan BCEAO. Masu kare shi su ma suna da tasu hujja: tsakanin 1932 da 1947 Faransawa sun soke Haute-Volta sun haɗe mafi yawanta da Kodebuwa, kuma daular Kong ta girmi iyakar da ake gardama a kanta nesa ba kusa ba.

A ganina, ta fuskar sana'ar neman ƙuri'a, abin da ya yi a Treichville gwaninta ce. Mutum ne da ya shafe rabin rayuwarsa a ofisoshin Washinton da Faris da Dakar, maganarsa a hankali, cike da lissafi, ba irin ta Gbagbo ba mai sa 'yan kasuwa dariya da Faransancin titi. Babu abin da ya haɗa rayuwarsa da ta yaron mota mai kiran fasinja a tashar Adjamé. Ranar da ya fito da takardun uwarsa da ubansa a gaban jama'a, ya samo abin da ya haɗa su. Yaron motar nan shi ma an sha sa shi ya fito da takarda, an juya ta, an kalle shi, an ce a ina ka samo. Kowane ɗan Arewa da ke zauren ya ga kansa a shingen hanya. Wannan ne mutumin da jawabin ke yi wa magana, kuma ya ji. Babu alkawarin hanya ko asibiti da zai iya sayo irin wannan soyayya.

Amma jawabin yana da ɓaraka, kuma mu da ke bakin ƙofa mu muka fi ganinta. Wanda aka ce masa kai baƙo ne, amsa biyu gare shi. Yana iya cewa ƙarya ne, ga takarduna. Yana kuma iya cewa wannan awo da kuke yi wa mutane shi ne ɓarna, a ƙasar da Houphouët ya gina da gumin kowa. Ouattara ya fi ba ta farko ƙarfi, kuma ban ga yadda mai neman kotu ta karɓi takararsa zai kauce mata ba. Sai dai duk wanda ya ce ni ba baƙo ba ne, ya yarda ke nan cewa akwai layi, gardamarsa kawai a wane gefe yake tsaye. Ɗan Tawa ko Maraɗi ko Sakkwato da aka haifa a asibitin Treichville, wanda bai san hanyar garin kakansa ba, yana ɗaya gefen, kuma babu takardar da zai ɗaga. Ga kuma abin da ba a faɗa a zauren ba: katin da ya koya wa masu kaki tambayar takarda, a zamanin firaministan da ke kan dandamali aka fara shi. Ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya.

Gwamnati ta karɓi ƙalubalen da hannu biyu, tunda a filinta ake wasan. Aka buɗe bincike a kan zargin jabun takardu. A ƙarshen Satumba wani matashin alƙali a Dimbokro, Épiphane Zoro, ya ba Ouattara takardar shaidar zama ɗan ƙasa; cikin wata guda aka soke ta, alƙalin ya bar ƙasar. A ƙarshen Oktoba aka kama Henriette Diabaté, sakatariyar RDR, da wasu manyan jam'iyyar bayan wata zanga-zanga, aka yanke musu ɗauri da dokar hukunta masu shirya taron da ya rikiɗe ɓarna. Ita ma wannan doka 'yar 1992 ce, shekarar da aka ɗaure Gbagbo, Ouattara na firaminista. Shi kuwa ɗan takarar yana Faransa, daga baya aka ba da sammacin kama shi.

A can Faris ne, cikin Oktoban 1999, ya yi furucin da ya ƙarasa abin da aka fara a Treichville. Jaridu suka ruwaito shi yana cewa ana hana shi takara ne saboda shi Musulmi ne kuma ɗan Arewa. Magoya bayansa har gobe suna cewa gaskiya ya faɗa, masu adawa da shi kuma suna cewa a ranar ya raba ƙasar biyu. Ni abin da nake gani shi ne, furucin ya faɗaɗa rumfar har ta rufe mu, ba tare da an tambaye mu ba. Tunda aka ce rikicin na Musulmi ne, to duk mai zuwa babban masallacin Adjamé ya zama ɗan RDR a idon wanda ke ƙin RDR, ko yana da ƙuri'a ko ba shi da ita. Hausawa suna cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Wannan faɗa babu ruwanmu a rajista, amma ba a bar mu mun yi kallo ba. A Nuwamban shekarar, a yankin Tabou na kudu maso yamma, rikicin gona ya sa aka kori dubban 'yan Burkina, duk wani baƙo a Abijan kuma ya shafa wa gemunsa ruwa.

Masu sauraro a Nijeriya za su tuna Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, wanda aka ɗauka aka kai Cadi a Janairun 1980 wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai kotu ta dawo da shi. A Zambiya ma an gyara tsarin mulki a 1996 don a hana Kenneth Kaunda takara saboda iyayensa daga Malawi suka fito. Makamin tsoho ne. Bambancin Kodebuwa shi ne, mutum ɗaya cikin huɗu ana iya nuna shi da shi.

Ranar 24 ga Disamba 1999 sojoji suka kifar da Bédié, Janar Robert Guéï ya hau, aka buɗe kurkuku, Ouattara ya dawo kafin sabuwar shekara. Aka ɗauka magana ta ƙare. Sai aka zauna rubuta sabon tsarin mulki, ƙasa gaba ɗaya ta shafe watanni tana gardama a kan ƙananan kalmomi biyu, et da ou, wato "da" da "ko". Shin ɗan takara zai kasance haifaffen uba DA uwa 'yan ƙasa, ko uba KO uwa? Daftarin da aka fitar ya ce "ko". Ana saura 'yan kwanaki a yi ƙuri'ar raba-gardama ta Yulin 2000, Guéï ya mayar da shi "da". Ayar ta 35 ta kuma ce wanda ya taɓa amfani da zama ɗan wata ƙasa ba zai tsaya ba. Duk wanda ya karanta ayar ya san gwargwadon wa aka ɗinka rigar.

A nan ne dabarar Treichville ta ɗaure mai ita. RDR ta ce wa magoya bayanta su zaɓi "e". Dalilin a fili yake: wanda ya shekara yana cewa takarduna cikakku ne, in ya ƙi ayar, ya amsa laifi ke nan. Tsarin mulkin ya wuce da sama da kashi 86. Ranar 6 ga Oktoba 2000 Kotun Ƙoli ƙarƙashin Tia Koné ta soke takarar mutum 14 cikin 19, har da Ouattara da Bédié, da dokar da Ouattara ya sa mutanensa suka amince da ita. Zaɓen 22 ga Oktoba ya rage tsakanin Guéï da Gbagbo, masu ƙuri'a kashi 37 kacal suka fito. Guéï ya yi yunƙurin ƙwace sakamakon, jama'a suka kore shi, Gbagbo ya hau. Da magoya bayan RDR suka fito ranar 26 ga wata suna neman a sake zaɓe, aka far musu, aka ƙona masallatai da coci-coci, washegari aka gano gawa 57 a jibge a bayan Yopougon. Bayan wata guda kotu ta sake hana shi neman ko da kujerar ɗan majalisa ta Kong.

Duk da haka, zaɓen magadan gari na Maris 2001 ya nuna abin da jawabin ya gina. RDR ce ta fi kowace jam'iyya yawan garuruwa. Ta ɗauki Abobo, ta ɗauki Adjamé da Youssouf Sylla, a mazaɓar da aka ce wa Djéni Kobina ɗan Gana shekara shida da suka wuce. Treichville kuwa, inda aka yi taron, ta zauna a hannun François Amichia na PDCI. Unguwannin nan biyu, Plateau da ruwan tafki ne kawai tsakaninsu, amma sun nuna iyakar dabarar. Adjamé ta tashar mota da kasuwa, inda Julanci ne harshen ciniki, ta karɓi kiran. Treichville tsohuwar unguwa ce ta gauraye, gidan PDCI tun 1946, cike da baƙin da ba su da ƙuri'a, kuma kukan takarda kaɗai bai isa ya juya ta ba. Abin da ya faru a ƙasa baki ɗaya ke nan. Jawabin 1999 ya ba Ouattara kusan kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓe, waɗanda ko ana ha-maza-ha-mata ba za su bar shi ba. Kashi ɗaya cikin uku kuwa ba ya naɗa shugaba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002 ya raba ƙasar, kuma cikin koke-koken da 'yan tawayen Arewa suka gabatar har da maganar katin shaida. Ba zan bi tarukan sulhu ɗaya bayan ɗaya ba, daga Marcoussis zuwa Pretoria zuwa Wagadugu. Abin lura shi ne ba takardun da aka nuna a Treichville ne suka buɗe wa Ouattara ƙofa ba. A Afrilun 2005, bayan shiga tsakanin Thabo Mbeki, Gbagbo ya yi amfani da aya ta 48, ta ikon gaggawa, ya ba shi damar tsayawa. Kuma Gbagbon nan, wanda jam'iyyarsa ta yi gorin dabbobin zaɓe, shi ne ya soke kart-sejur ga 'yan ƙasashen CEDEAO a 2007. Siyasar Kodebuwa ba ta bin layin da mutum ya zana mata.

Gyaran dabarar ya zo ne ranar 18 ga Mayu 2005 a Faris, da Ouattara ya sa hannu a ƙawancen RHDP tare da Bédié, mutumin da ya ce masa ɗan Burkina, ya kuma sa aka nemi kama shi. Sunan ƙawancen ma na Houphouët ne. A yaƙin neman zaɓen 2010 sai ga ɗan takarar da aka yi zaton gani tun 1999: ADO Solutions a kan alluna, a ba ni shekara biyar, ayyuka miliyan ɗaya, ga biliyoyin da za a kashe wa kowane yanki. Maganar asali ya bar wa ɓangaren Gbagbo, masu kiran nasu ɗan takarar Kodebuwa ɗari bisa ɗari, na wancan gefe kuma ɗan takarar ƙetare. A zagayen farko na 31 ga Oktoba, Gbagbo ya sami kashi 38, Ouattara 32, Bédié 25. Kashi 32 ɗin nan gadon Treichville ne. Kashi 54 da hukumar zaɓe ta ba shi a zagaye na biyu na 28 ga Nuwamba, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar, ya samu ne da Bédié ya ce wa Baule su zaɓe shi.

Majalisar tsarin mulki ta soke ƙuri'un wasu yankunan Arewa ta ba Gbagbo nasara, aka shiga wata huɗu na jini da ya ci rai kusan 3,000, ɓangarorin biyu kuma kowanne da nasa alhakin. A ƙarshen Fabrairun 2011 Charles Blé Goudé ya yi kira ga matasa su kafa shinge a unguwanni su tona asirin baƙi, kuma Human Rights Watch ta rubuta yadda aka kashe 'yan Afirka ta Yamma a irin waɗannan shingaye, wasu da ransu aka ƙona su. Tambayar dai ita ce ta 1991, ina takardarka, sai dai yanzu amsarta rai ce. Motoci sun yi ta tashi daga Adjamé cike da iyalai masu komawa garuruwan da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba. Ba su zaɓi kowa ba, tun 1990 rabon gidajensu da akwatin zaɓe.

An kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu 2011. Adalci ne a faɗi abin da Ouattara ya yi da maganar takarda bayan ya hau. A 2013 Kodebuwa ta shiga yarjejeniyoyin duniya biyu na kare marasa ƙasa, aka kuma yi doka ta ɗan lokaci da ta ba wasu waɗanda aka haifa a ƙasar kafin 1973 damar neman zama 'yan ƙasa ta hanyar bayyana kai, ko da yake waɗanda suka samu kaɗan ne cikin masu nema. Tsarin mulkin 2016 ya mayar da "da" zuwa "ko". Matsalar ɗan takarar 1999 ta warware sarai. Amma tun gyaran 1972 haihuwa a ƙasar ba ta ba ɗan baƙo hanyar zama ɗan ƙasa, kuma wannan bai canja ba. Yaron da aka yanke wa cibiya a Adjamé, wanda ya iya Julanci da Faransancin titi fiye da Hausar kakarsa, katin ofishin jakadanci yake ɗauka a aljihu.

A watan Afrilun 2025 jam'iyyar PDCI ta tsayar da Tidjane Thiam ɗan takararta, shi ma masanin kuɗi da ya dawo daga manyan ofisoshin Turai, jinin gidan Houphouët ta wajen uwa, mahaifinsa kuma asalin Senegal. Ranar 22 ga watan, wata kotu a Abijan ta ba da umarnin a cire sunansa daga rajistar masu zaɓe, bisa hujjar cewa ya rasa zama ɗan Kodebuwa tun 1987 da ya karɓi takardar Faransa, kamar yadda aya ta 48 ta dokar zama ɗan ƙasa ta 1961 ta tanada. Bai shiga zaɓen 25 ga Oktoba ba. Ouattara ya lashe wa'adi na huɗu da kusan kashi 90 cikin ɗari.